Jami'o'inmu Su Buɗe wa Dattawa Aji

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu, kuma ka yi haƙuri da tsawon wasiƙar. Tsoho idan ya samu mai sauraro ba ya sanin wurin tsayawa.

Ni tsohon malamin gona ne. Na kama aiki a 1978 a shirin bunƙasa noma na Funtuwa, wanda Bankin Duniya ya sa wa kuɗi tare da na Gusau da na Gombe. Shekara 35 na yi a kan babur ina bin ƙauyuka da gonakin gwaji, na ajiye aiki a 2013. Tun daga ranar ofishina ya koma gindin wata darbejiya da ke bakin layinmu, inda muke da benci biyu da tabarma ɗaya. Mu goma sha ɗaya muka fara zaman, yanzu saura bakwai. A cikinmu akwai tsohon hedimasta, akwai wanda ya shekara talatin yana akawun kotu, akwai tsohon ma'aikacin jinya da ya karɓi rabin mutanen unguwar nan a asibiti, akwai tsohon ɗan sanda. Idan ka tara abin da ke cikin kawunan nan bakwai, ba ƙaramin abu ba ne. Amma zo ka zauna da mu kwana uku ka ji hirarmu. Yaushe za a yi tantancewar 'yan fansho, nawa buhun masara ya kai a kasuwa, wa aka kai jiya. Gobe mu sake ɗaukowa daga farko. Na ga mutane masu kaifin basira sun dushe a kan bencin nan cikin shekara biyu uku, ba don ciwo ba, don kawai ba wanda ke tambayarsu komai, su ma ba su da wanda za su tambaya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abu da na gani da idona a ƙasar Amurka, kuma tun da na dawo ya hana ni sakat.

Bara waccan 'yarmu da ke aikin jinya a birnin Minneapolis ta haihu. Uwarta ta shirya zuwa jego, surukina ya matsa lallai sai mun je tare. Wata uku muka yi. Makonni biyun farko na sha zaman ɗaki har na gode Allah. Kowa ya fita aiki, mai jego da uwarta suna ta jariri, ni kuma daga taga sai talabijin. Ba majalisa, ba mai shayi, ba wanda zai wuce ya ce maka sannu da hutawa. Abin da ya cece ni shi ne lambun tumatirin maƙwabcinsu, wani dattijon Bature mai shekara 79 da ya yi ritaya daga aikin gidan waya. Kullum ina leƙe ta kan shinge ina ganin yadda yake sheƙa wa tumatirin ruwa safe da yamma, ganyen ƙasa duk ya yi rawaya. Ranar nan hali ya motsa, na kasa daurewa, na ce masa ruwan ya yi yawa. Daga nan muka ƙulla.

Na lura duk ranar Talata da safe yakan rataya wata jaka ya fita. Na ɗauka ranar ganin likita ce, tunda mu a nan idan ka ga tsoho ya ci ado da sassafe ranar aiki, asibiti za shi ko ofishin fansho. Da na tambaye shi sai ya ce makaranta yake zuwa. Na yi dariya, na ce a wannan shekarun wane aiki za a ba ka da takardar? Ya ce ai ba a ba da takarda. Ba jarrabawa, ba maki, ba satifiket. Na ce to me ake bayarwa? Ya ce in shirya Talata mai zuwa zai nema mini izinin shiga a matsayin baƙo.

Mu wajen ashirin da biyar ne a ajin, kuma duk wanda ka duba furfura ce. Wata ta shigo da keken dogarawa, wani da na'urar ji a kunne yana ta murɗa ta. Malamar ma ta yi ritaya, kuma ba biyanta ake yi ba. Darasin kwas ɗin kuwa shi ne yadda alkama ta gina birnin nasu. Ta nuna mana hotunan inda ruwan kogin Mississippi ke zubowa daga tudu a tsakiyar garin, da yadda ƙarfin ruwan ya riƙa juya injinan niƙa, har daga wajen 1880 zuwa wajen 1930 babu garin da ya kai shi niƙa fulawa a Amurka. Ina zaune a baya ina ji, kamar ɗan aji ɗaya. Can sai ta ambaci Norman Borlaug, ta ce a jami'ar nan ta Minnesota ya yi karatu, shi ne ya fito da gajeriyar alkama mai yawan yabanya a Meziko, aka ba shi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1970. Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba. Na ce mu ma mun san mutumin nan, don shi ne jagoran shirin noma na Sasakawa da ya shigo Arewacin Nijeriya a 1992, kuma na ga yadda aka riƙa koya wa manoma shuka masara ƙwaya ɗaya a rami, a kan igiya, a binne taki maimakon a watsa shi.

Ya Edita, sai ajin gaba ɗaya ya juyo. Aka bar alkama aka koma kaina. Me kuke nomawa? Ruwan sama wata nawa? Me kuke ci da safe? Malamar ta ce mako mai zuwa ta ba ni minti ashirin. Minti ashirin ɗin nan sai da ya zama awa guda. Na nuna musu hoton rumbu da dami a wayata. Na yi musu bayanin bambancin gero da maiwa da dawa, da dalilin da ya sa manominmu ke sa wake a tsakanin gero, da yadda wuta-wuta ke kama saiwar dawa ta tsotse ta tun kafin ita kanta ta leƙo daga ƙasa. Wata tsohuwa da na tabbata ta haura tamanin tana ta rubutawa a littafi, har tana cewa in maimaita mata yadda ake rubuta wuta-wuta. Rabon da wani ya rubuta abin da na faɗa tun ina aiki.

Sai wani ya tambaye ni a ina aka fara noman gero a duniya. Na yi shiru. Ni da na shekara 35 ina koya wa mutane noman gero, ban taɓa tambayar kaina wannan ba. Mako na gaba mutumin ya zo da amsa a takarda: a nan yankinmu na Sahel ne, kuma masu tonon kayan tarihi sun samu shaidar nomansa ta fiye da shekara dubu huɗu a kwarin Tilemsi da ke arewacin Mali, daga baya ya bazu har Indiya. Sai da na tsallaka teku, a ajin tsofaffin Turawa, na ji asalin furar da nake sha tun ina yaro. Na ji daɗi, na kuma ji kunya, kuma har yau ban san wanda ya fi yawa ba.

Da na bincika sai na tarar abin tsari ne babba. Sunansa Cibiyar Osher, daga sunan wani attajiri Bernard Osher, mutumin jihar Maine, wanda gidauniyarsa ta fara tallafa wa irin wannan karatu a 2001 a wata jami'a ta jiharsu. Yanzu akwai cibiyoyin sama da 120 a jami'o'i da kwalejoji, kuma babu jihar Amurka da ba ta da ko ɗaya. An yi su ne don 'yan shekara 50 zuwa sama. Mutum ya biya kuɗin zama mamba, ya zaɓi abin da ransa ke so: tarihi, kiɗa, taurari, siyasar duniya, tsuntsaye, falsafa, zane, harsuna. Kwas ɗin 'yan makonni ne, sau ɗaya a mako. Masu koyarwa da yawa tsofaffin malamai ne da ƙwararrun da suka ajiye aiki, wani lokaci ma ɗalibin wannan aji shi ne malamin wancan. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda attajirin ya yi taimakon. Idan cibiya ta nuna ta tsaya da ƙafarta, sai a damƙa wa jami'ar dala miliyan guda a ajiye a juya, ribar ita ake kashewa, uwar kuɗin ba a taɓa ta. Mu ai muna da sunan wannan tun tuni, waƙafi ke nan.

Kuma ba Amurkawa kaɗai ba. A Faransa wani malami, Pierre Vellas, ya buɗe irin wannan aji ga tsofaffi a jami'ar Toulouse a 1973. Sinawa sun fara nasu jami'o'in tsofaffi a 1983 a lardin Shandong. A Ingila tun a 1873 jami'ar Cambridge ta fara tura malamai garuruwa su yi wa masu sana'a lacca.

Na san wani zai ce Baba ya je ƙasar Turawa wata uku ya dawo yana so ya mai da mu Turawa. To a tsaya. A kan hanyata ta dawowa, a cikin jirgi, na yi ta tunanin ina na taɓa ganin aji irin wannan, inda furfura ke zaune gaban malami, ba rajista, ba jarrabawa, ba ranar gamawa. Sai na tuna ai kullum da asuba nake wuce shi. Zauren malamin unguwarmu ne. Ana idar da salla za ka ga an jeru, kowa da littafinsa a cikin gafaka ko a leda. Tela ne, mahauci ne, ɗan kasuwar hatsi ne, tsohon darakta ne. Wannan yana Ahalari, wancan ya kai Risala, na gefe yana Muhtasar. Idan layi ya zo kanka ka matsa gaban buzu, ka karanta layi biyu uku, malam ya fassara, kana cewa na'am, sauran suna saurare suna tsintar nasu. Akwai wani dattijo a zauren da na san ya fi shekara arba'in yana ɗaukar karatu. Ba wanda ya taɓa ce masa, to Alhaji idan ka sauke wane aiki za ka samu? Tambayar ma ba ta da ma'ana a wurin. Haka matata, shekara goma sha biyu ke nan tana zuwa Islamiyyar matan aure, ajinsu har da mai tattaɓa-kunne. Mu ne muka ce gemu ba ya hana ilimi, kuma a ɓangaren karatun addini mun riƙe maganar da gaske.

A ɓangaren boko ne muka yar da ita. Mun ɗauki boko tamkar tikitin mota: ka saya, ka hau, idan ka isa tasha ka jefar. Kuma abin takaici, ba haka aka faro ba. A ƙarshen shekarun 1940 jami'ar Oxford ta turo malamai Nijeriya da Gana suna yi wa manya darasi da yamma. Da aka buɗe kwalejin jami'a ta Ibadan a 1948, shekara ɗaya kacal ta yi ta kafa sashen karatun wajen harabar jami'a a 1949, ƙarƙashin wani mutumin Gana, Robert Gardiner, ana tura malamai larduna suna koyar da akawuna da malaman makaranta da 'yan kasuwa tarihi da tattalin arziki da tsarin mulki, ba don wata takarda ba. Jami'ar Ahmadu Bello ma ta yi sashen ilimin manya, wanda wata Baturiya, Lalage Bown, ta riƙe a shekarun 1970. Mutanen Gana ba su saki nasu ba: makarantar sabuwar shekara da suka fara tun ƙarshen shekarun 1940 har yanzu jami'arsu ta Legon na yin ta kowace shekara, jama'ar gari su zo su zauna da malamai.

Mu kuwa da aka ce ilimin manya sai hankali ya tafi wuri biyu. Na farko Yaƙi da Jahilci, wanda aka yi da gaske a shekarun 1950, aka kuma farfaɗo da shi a Kano a 1980 zamanin Abubakar Rimi da hukumar ilimin manya. Aiki ne mai kyau, mahaifina ma a nan ya koyi rubuta sunansa. Amma wannan na wanda bai iya karatu ba ne. Na biyu kuma karatun neman takarda: difloma ta yamma, digirin ƙarshen mako, Buɗaɗɗiyar Jami'a da aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, Obasanjo ya dawo da ita, shi da kansa ya je ya yi digirin digirgir a cikinta yana da shekara tamanin. Madalla da shi. Sai dai ba kowane tsoho ne ke son rubuta kundi ba. Tsakanin mai koyon abacada da mai neman zama dakta akwai jama'a tuli, irina da mutanen bencinmu, waɗanda suka iya karatu, ba sa neman aiki, ba sa neman ƙarin girma, so suke kawai su san abin da ba su sani ba kafin a kira su. Mu ba wanda ya yi mana tanadi.

Na gwada da kaina, kada a ce zato nake. Bayan dawowata da wata biyu na sa babbar riga na shiga mota na tafi wata jami'a, ba zan faɗi sunanta ba don ba ita kaɗai ba ce. Na ce ina son in riƙa zama a darasin tarihin ƙasar Hausa. Ofis huɗu aka tura ni. A na farko wata yarinya mai ladabi ta ce, "Baba, ɗanka kake nema wa?" Na ce a'a, ni nake nema wa kaina. Ta ce to sai in sayi fom, in kawo kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Na ce 'yata, takardata ta makarantar koyon aikin gona ta girme ki, kuma ni ba digiri nake so ba, sauraro nake so. Ta dube ni da tausayi ta ce, "To Baba, in ba ka son satifiket me za ka yi da karatun?" Ban ji haushinta ba. Abin da aka koya mata ke nan, kuma abin da ni ma na tambayi maƙwabcin 'yata ke nan. A ofis na huɗu na samu wani malami mai kirki, ya ce ba su da tsarin haka, amma in zo in zauna a bayan ajinsa ba komai. Na je sau biyu. Ɗalibai sun fi ɗari uku a zaure ɗaya, wasu a tsaye, wasu a kan taga, lasifikar ba ta aiki. Wani yaro ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya tsaya awa biyu a kan ƙafarsa yana rubutu a kan bayan abokinsa. A karo na biyu na ce wa kaina wannan zalunci ne, yaron nan jarrabawa zai yi, ni ba zan yi ba. Ban koma ba.

Da na ba da labarin nan a majalisa, hedimasta ya ce ai ga amsarka nan ka gani da idonka. Yara kusan miliyan biyu ke zana jarrabawar JAMB a shekara, mafi yawansu ba sa samun gurbi. A 2022 malaman jami'a sun yi wata takwas suna yajin aiki. Jami'ar da ta kasa ba yaro kujera ita ce za ta shimfiɗa wa tsoho darduma? Tsohon ɗan sandan kuma ya ce shi a biya shi bashin garatutinsa tukuna, sai a yi maganar taurari. Maganarsu gaskiya ce, ba na raina ta. Amma ina ganin sun auna abin da ma'aunin digiri, shi ya sa ya yi musu nauyi.

Abin da nake roƙo ba ya cin gurbin yaro ko ɗaya. Ranar Asabar da yamma da lokacin dogon hutu ɗakunan karatun nan a kulle suke, ƙadangaru ne ke lacca a ciki. Ba ma sai a cikin jami'a ba: kowace ƙaramar hukuma na da ɗakin taro da ba a buɗewa sai ranar rabon taki ko zuwan gwamna. Malamai kuwa ga su nan zube. Farfesa yana ajiye aiki a shekara 70, sauran tun kafin haka, da yawansu da sauran ƙarfinsu, suna gida suna irin zaman da muke yi. A ba mutum mako shida, awa ɗaya da rabi a mako, ya faɗi abin da ya shekara arba'in yana bincike a kai, ga mutanen da ba za su tambaye shi ko wannan zai fito a jarrabawa ba. Na tabbata akwai waɗanda za su yi don kuɗin mai kawai. Mu kuma mu biya wani abu daidai ƙarfin ɗan fansho, don abin da aka samu kyauta ba a ganin darajarsa, wannan na koya tun zamanin rabon iri. Sauran kuma masu hali su cike. Mun ga attajiranmu sun gina wa jami'o'i ɗakunan kwanan ɗalibai da makarantun koyon kasuwanci, Allah ya saka musu. Waƙafin da zai riƙe ajin dattawa goma bai kai kuɗin rufin gini ɗaya daga ciki ba.

Sharaɗina ɗaya da ba zan sassauta ba shi ne a yi da Hausa. Idan aka ce sai da Turanci, an kori telan zaure da mahaucin da matata, an bar mu 'yan boko muna yi wa juna burga. Jami'o'inmu suna da sassan Hausa da suka shekara hamsin suna ƙirƙiro kalmomi. Ga wurin gwada su. Likitan da zai yi wa tsofaffi talatin bayanin ciwon suga da Hausa, abin da ke faruwa a jiki, me ya sa tuwon masara ke ɗaga shi, me ya sa ƙafa ke mutuwa, ya yi aikin da ya fi na sati guda a ɗakin duba marasa lafiya, inda minti uku yake ba kowa. Lauya ya zo ya warware mana dokar mallakar ƙasa ta 1978, don rabin rigimar da ke kotunanmu ta fili ce, kuma yawancinmu ba mu san bambancin takardar mai unguwa da ta gwamna ba. Wani ya koya mana karanta tsofaffin takardun ajami da ke cikin adakar kakanninmu, waɗanda gara ke ci. Wani ya ɗauke mu a mota ɗaya zuwa hasumiyar Gobarau ko Dutsen Dala ko Gidan Arewa a Kaduna ya yi mana bayani a tsaye. Wani yaro mai haƙuri ya zauna da mu a kan wayar hannu har mu daina miƙa wa jikoki lambar sirrinmu ta banki. Mata a ware musu ajinsu da lokacinsu, kada a ce da dare. Zawarawa tsofaffi da 'ya'yansu suka watse birane sun fi mu kaɗaici, mu ko banza muna da darbejiya.

Jami'ar ma ba asara za ta yi ba. Ɗalibin tarihi yana zuwa ɗakin karatu neman abin da Bature ya rubuta a kan farin 1973, alhali ga mutanen da suka ga shanu na faɗuwa a bakin rijiya suna zaune kilomita kaɗan daga ajinsa. Mu muka ga ranar da aka koma tuƙi ta hannun dama a 1972, muka ga an canja fam da sule zuwa naira da kwabo a 1973, muka ci kuɗin ƙarin albashi na Udoji muka sayi rediyo da keke. Ni na ga lokacin da masara ke bayan gida kawai ana gasa ta, na kuma ga yadda takin zamani da sabon iri suka mai da ita babbar gona a ƙasar Funtuwa har ta ture dawa. Ba wanda ya taɓa zuwa da rakoda ya tambaye ni. A ajin Minneapolis na gane cewa irin wannan karatu ba hanya ɗaya yake bi ba, malamar ta fita da abin da ba ta shigo da shi ba.

Tsorona ɗaya ne, kuma na san halinmu. Kada wani ya karanta wannan ya ga kasuwa. A buɗe kwas na mako shida, a sa masa kuɗi mai kauri, a ɗinka riga da hula, a yi bikin yaye ɗalibai, mutum ya fito yana sa wasu haruffa a bayan sunansa. Ko kuma a mai da shi irin bitar da muka saba a aikin gwamnati, wadda ake zuwa don kuɗin zama da jakar hannu, a sa hannu a takarda a fice kafin azahar. Na halarci irin wannan ba adadi, kuma na karɓi ambulan ɗin, ba zan yi ƙarya ba. Idan takarda ko alawus ya shiga, waɗanda za su cika ajin ba su ne nake magana a kansu ba.

Kafin jami'a ta waiwaye mu, mun fara abin da za mu iya. Tun azumin bara muka ware ranar Alhamis bayan la'asar: ba zancen fansho, ba zancen siyasa, mutum ɗaya zai koyar. Akawun kotu ya yi mako uku a kan yadda ake rubuta takardar cinikin fili da irin shaidun da alƙali ke karɓa. Ma'aikacin jinya ya zo da abin awon jini ya nuna mana ma'anar lamba ta sama da ta ƙasa, a ranar muka gano biyu daga cikinmu suna yawo da hawan jini ba su sani ba. Ni na yi nawa a kan gero, har da labarin Tilemsi. Hedimastan da ya fi kowa musu shi ne yanzu ke riƙe da jadawalin, a bayan wata tsohuwar kalanda. Mai shayin layinmu yakan rage wutar risho ya matso, kuma wasu matasa biyu masu gyaran babur sun fara zuwa.

Sai dai mun kusa ƙure abin da ke cikinmu, kuma tambayoyin da ba mu da amsarsu sun fara taruwa. Ɗan sandan, wanda ya ce a bar zancen taurari, shi ne ya tambaya me ya sa taurarin Kaza da 'Ya'yanta ke ɓacewa gab da damina su sake fitowa, kuma yaya tsofaffin manoma suka riƙa lissafin shuka da su. Hedimasta yana so ya san ta wace hanya gero ya bi daga Mali har Indiya, a jirgin ruwa ne ko a bayan jaki. Mun rubuta irin waɗannan guda goma sha huɗu a bayan kalandar. Idan akwai malamin jami'a, mai ci ko mai ritaya, da ya san amsar ko da ɗaya ce, adireshina yana wurinka, ya Edita. Muna nan duk Alhamis bayan la'asar. Bencinmu biyu ne, amma za mu aro masa kujerar roba a gidan hedimasta, kuɗin motarsa kuma mun riga mun fara haɗawa.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin gona,
Funtuwa, Jihar Katsina.